Ya ce in sayar da filin gadona ya yi gini a garin masu haƙar zinariya

Assalamu alaikum Anti. Ina roƙon a sakaya sunana. Shekarata 11 da aure, 'ya'yanmu huɗu, babbar tana aji biyar na firamare, ƙaramin ko yaye shi ban yi ba. Shekara uku da suka wuce kasuwa ta karye wa maigidana, sai ya bi abokansa zuwa wani wurin haƙar zinariya can gaba da Agadas. Da farko rami yake shiga, daga baya ya bari ya kafa rumfa yana sayar da ruwa da kayan shayi, yana yi wa mutane cajin waya. Allah ya sa wa abin albarka, ya biya basussukansa, ya yi wa mahaifiyarsa rufin kwano, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Yanzu ya ce wurin ya zama gari, akwai kasuwa da masallacin Juma'a da kemis, har da sabis na waya. Yana so ya gina shaguna da ɗakunan haya na bulo da siminti kafin wasu su riga shi, amma kuɗinsa ba za su isa ba. Ya ce in sayar da filin da na gada wurin mahaifina da 'yan gwala-gwalaina in ba shi, in an gama ginin kuma mu tattara mu koma can da yara. Ya ce duk manyan birane haka suka fara. Mahaifiyarsa tana bayansa, ta ce mace ta gari ba ta ƙin taimakon mijinta. Yayana kuma ya rantse in na sayar da filin ba ni ba shi. Da na ce wa maigidan ya ba ni lokaci in yi tunani, sai ya ce ashe ban yarda da shi ba, yau kusan sati biyu ke nan sai gaisuwa a taƙaice. Wallahi ina son mijina, kuma ba macuci ba ne. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Me zan yi?

Uwar yara huɗu, daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da ya fara burge ni a wasiƙarki shi ne sai da kika lissafa alherin mijinki kafin ki faɗi damuwarki. To ni ma da wannan adalcin zan amsa miki. Amma don kada in bar ki kina jira, ga ra'ayina tun daga farko: kada ki sayar da filin nan, kuma kada ki kai yara can. Rashin kwanciyar zuciyar da kike ji ba rashin yarda da miji ba ne. Mutumin da kika yarda da shi daban, garin da yake so a zuba dukiya a cikinsa daban, kuma irin waɗannan garuruwa suna da tarihin da ya kamata ku biyun ku sani kafin a sa hannu a kowace takarda.

Bari in fara da inda maigidanki ya yi daidai, don ya yi daidai ƙwarai. Ranar da ya fito daga rami ya kafa rumfa, ya gane abin da dubban mutane suka ƙare rayuwarsu ba su gane ba. A 1896 aka gano zinariya a yankin Klondike, can arewacin Kanada inda sanyi ke daskarar da kogi. Kimanin mutum 100,000 ne suka kama hanya, waɗanda suka isa ba su wuce 30,000 zuwa 40,000 ba, waɗanda suka samu zinariyar kuwa kimanin 4,000 ne, a cikinsu ma 'yan ɗaruruwa ne suka yi arzikin kirki. Riba mai tabbas tana wurin masu sayar wa mahaƙa abinci da kayan aiki da wurin kwana. Akwai wani saurayi, John Studebaker, da ya je Kalifoniya ta ƙasar Amurka a 1853 da niyyar neman zinariya, ya ƙare da ƙera wa mahaƙa baro yana sayar musu. Cikin shekara biyar ya tara dala 8,000, kuɗi masu yawa a wancan zamanin. To ga inda nake so ki lura. Bai binne kuɗin a garin mahaƙa ba. Ya ɗaure abinsa ya koma gida jihar Indiana a 1858, ya zuba a sana'ar ƙera keken doki ta 'yan'uwansa, wadda daga baya ta zama kamfanin motoci. Zuwa yau hanyar da maigidanki ke bi ke nan: kuɗi na fitowa daga wurin haƙa su zo gida, su biya bashi, su yi rufi, su ciyar da yara. Abin da yake nema yanzu shi ne a juya akala, dukiyar gida ta tafi wurin haƙa, kuma a mai da ita bulo da siminti, abin da ba ya ɗaukuwa ranar tashi.

Akwai wani gari a hamadar Nevada, ita ma a Amurka, mai suna Rhyolite. A 1904 wasu mutum biyu suka ga zinariya a duwatsun wurin. Cikin shekara uku zuwa huɗu an yi gari na dubban mutane, da wutar lantarki, da ruwan famfo, da wayar tarho, da jaridu, da asibiti, da kasuwar hannun jari, kamfanonin jirgin ƙasa har uku suna kai kaya da mutane. Kuma ba talakawa masu zumuɗi kaɗai suka amince da wurin ba. Charles Schwab, babban attajirin ƙarafa na Amurka, shi ya sayi babbar mahaƙar garin a 1906. Wani ɗan kasuwa, John Cook, ya gina banki mai hawa uku da ya ci sama da dala 90,000, har da dutsen marmara da aka kawo daga Italiya. A 1908 aka gama ginin, bai wuce shekara biyu ba bankin ya rufe. Mutanen garin sun ci bashi sun gina makaranta mai bene ta siminti, kafin a gama ta a 1909 iyaye da yawa sun kwashe 'ya'yansu sun bar garin. Me ya faru? Dutsen da ke da zinariya mai yawa ya ƙare, wanda ya saura bai biyan kuɗin haƙarsa, masu zuba jari kuma suka ja da baya bayan rikicin kuɗin da aka yi a ƙasar a 1907. Ƙidayar 1910 ta samu mutum 675. Mahaƙar ta rufe a 1911, aka yanke wuta a 1916, ƙidayar 1920 ta samu mutum 14.

Ga abin da ya shafe ku kai tsaye a labarin. Da gari ya watse, gidajen katako an kwance su, wasu ma ɗungurungum aka ja su zuwa maƙwabcin gari Beatty, mutane suka ci gaba da amfani da su. Na dutse da siminti su ne suka tsaya a inda suke. Bankin nan na Cook har yau yana nan, bango a tsaye babu rufi babu ƙofa, ana hango sama ta tagoginsa. Wanda ya yi ginin da ya fi ƙarfi shi ya fi barin dukiya a kufai.

Bodie ta Kalifoniya tana da gine-gine kusan 2,000 a 1879. Shekara biyu bayan nan mahaƙa suka ji labarin sabbin wurare a Montana da Arizona suka fara zarewa. Ta daɗe tana jan ƙafa, gobara ta ci yawancinta a 1932, a 1942 kuma gwamnati ta ba da umarnin rufe mahaƙun zinariya saboda yaƙin duniya na biyu. Yau gwamnatin jihar ce ke gadin abin da ya saura, wanda ya leƙa ta tagar shagunan zai ga kaya jere a kanta, ƙura ta lulluɓe su. Labarin Dyea kuwa ya fi kama da na maigidanki, don harkar garin ba haƙa ba ce, sayar wa mahaƙa kaya ce. A bakin teku take a Alaska, daga nan masu zuwa Klondike ke fara hawan dutse, don haka a 1898 cike take da masaukai da gidajen abinci da ɗakunan ajiyar kaya. Sai aka shimfiɗa layin dogo ta maƙwabcin gari Skagway. Zinariya ba ta ƙare ba a lokacin, hanya ce kawai ta sauya, amma kafin 1903 mutanen da suka saura a Dyea 'yan ƙalilan ne. Yanzu daji ya cinye ta, sai maƙabarta da guntayen katako.

Kada ki ce wannan labarin Turawa ne na shekaru ɗari da wani abu. Maigidanki ya san Jado, in bai je ba ya zauna da waɗanda suka je. A watan Afrilun 2014 aka gano zinariya a can arewa maso gabashin jihar Agadas, nan da nan dubban mutane suka cika wurin daga Nijar da Chadi da Sudan da Libiya da sauran ƙasashe, kasuwanni suka tashi a tsakiyar hamada. A farkon 2017 gwamnati ta rufe wurin. A Kouri Bougoudi, arewacin Chadi kusa da iyakar Libiya, faɗa ya ɓarke tsakanin mahaƙa a watan Mayun 2022, gwamnati ta ce an kashe kimanin mutum 100, ta dakatar da haƙa ta sa a kwashe mutane. A nan gida ma, a watan Afrilun 2019 sanarwa guda gwamnatin tarayya ta yi ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara. Ki ƙara da cewa maigidanki baƙo ne a ƙasar da yake. Wa zai sayar masa da wurin da zai yi ginin, kuma wace hukuma ce za ta ba shi takarda? In aka ce a tashi, wa zai kai ƙara, kuma ina? Ku da ke Katsina ba sai an tuna muku yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ba, da watannin da aka kwashe kafin a buɗe.

Maganarsa cewa manyan birane haka suka fara, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kada ki ƙaryata shi. Johannesburg ta Afirka ta Kudu daga sansanin mahaƙa ta tashi a 1886. Amma zinariyarta jijiya ce mai tsawo da zurfi wadda manyan kamfanoni suka yi sama da shekara 100 suna bi. San Francisco ta bunƙasa da zinariyar Kalifoniya, amma tashar jiragen ruwa ce, ko babu zinariya jirgi zai tsaya. Tambayar da za ki yi masa, cikin lalama, guda ce: in aka wayi gari babu zinariya, me zai kawo mutum wurin nan? Ana noma? Akwai ruwan da ba a tanka ake kawo shi ba? Babbar hanya ta ratsa? Wurin da mijinki ke cin riba da sayar da ruwan sha ya riga ya amsa rabin tambayar. Masallacin Juma'a da kemis da sabis shaida ce cewa akwai mutane yau, ba su ce komai game da baɗi ba. Ban ce wurin zai mutu bana ba, yana iya ƙara shekara biyar ko goma yana ci. Abin da na ce shi ne babu wanda ya san ranar, kuma ranar da alama ta bayyana kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Filinki na Katsina kuwa ko kin manta da shi darajarsa ba raguwa take yi ba.

Maganar yara ita ce ba zan yi sassauci a kanta ba ko kaɗan. Kin tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane na kawo dutsen zinariya cikin gida suna niƙawa, ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka mutu, wasu dubbai gubar ta shiga jininsu, sai da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shigo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ba kowane dutse ke da dalma ba, amma ido ba ya bambancewa. Ga kuma zaiba da ake haɗa ta da garin dutse a ƙona don a fitar da zinariya, hayaƙinta na lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ya fi illa ga jarirai da mai ciki. Ɗanki da ke shan nono shi ne ya fi kowa shiga haɗari. Babbarki kuma saura kaɗan ta gama firamare, wace makaranta za ta shiga a can? In ciwo ya tashi da dare, awa nawa ne zuwa asibitin da ke da likita? Ko yanzu ma, duk lokacin da maigida ya dawo, a ware kayan da ya zo da su a wanke daban, ya yi wanka kafin ya ɗauki yara.

Yanzu mu duba zuciyar mutumin. Wanda kasuwa ta taɓa karye masa, ya ga yadda idon mutane ke sauyawa a kansa, in Allah ya sake buɗa masa yana so ya yi abin da za a gani a ce ya tsaya da ƙafarsa. Rumfar tamfol ba ta ba shi wannan, gini ne ke bayarwa. Sannan shekara uku yana kwana cikin maza a hamada, yana jin muryar 'ya'yansa ta waya. Ina kyautata zaton rabin maganar ginin nan kewa ce, yana so ya dawo daga shago ya tarar da iyalinsa. Don haka da kika ce ya ba ki lokaci, abin da kunnensa ya ji shi ne ba kya son zuwa wurinsa. In kika amsa masa da lissafin kuɗi kaɗai, ba ki taɓa inda ke masa ciwo ba.

Game da haƙƙinki, babu ruɗani. Gadonki naki ne, gwal ɗinki naki ne, shari'a ba ta ɗora miki ba shi ko sisi ba, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Abin da aka karɓa da fushi da ƙauracewa ba da daɗin rai aka bayar ba. Maganar komawa can ma, malaman fiƙihu sun sa sharaɗin amincin hanya da amincin wurin da za a kai mace, ki tambayi malamin da ku biyun kuke girmamawa ya yi muku bayani. Surukarki ba maƙiyiyarki ba ce. Tana kwana ƙarƙashin rufin da wurin nan ya yi mata, dole ta gan shi da alheri. Kada ki yi jayayya da ita a kan wace ce mace ta gari. Ki je ki gaishe ta, ki zauna, ki ce, Hajiya, jikokinki nake ji wa tsoro, ki ba ta labarin yaran Zamfara. Kaka ba ta jin wannan ta tsaya a inda take. Yayanki kuma gaskiya gare shi a kan filin, amma rantsuwar yanke zumunci ba tasa ba ce, don filin ba nasa ba ne. Ki gode masa, ki gaya masa ba za ki sayar ba, sannan ki roƙe shi kada ya kira mijinki kuma kada ya yi ta yaɗa maganar a dangi. In abin ya koma gasa tsakanin miji da wa, mijinki zai kafe don kare mutuncinsa ko da ya ga gaskiya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ke za ki fara kira, kada ki jira shi. Ki zaɓi lokacin da kika san ya rufe rumfa ya huta. Ki fara da cewa kin yi kewarsa, kuma kin yarda da shi fiye da kowa, shi ya sa kike so dukiyarku ta zauna inda babu mai korar ku. Kada ki ce masa a'a ki tsaya, ki zo masa da abin da zai riƙe a madadin. Babban abin da za ki miƙa masa shi ne wannan: shagunan da yake mafarki a gina su, amma a kan filinki, da ribar da yake turowa, ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Zai samu ginin da za a nuna a ce nasa ne, a garin da 'yan'uwa da abokansa za su gani, kuma zai zama wurin da zai dawo ya zauna in ya gaji da hamada. Sai dai tun ran gini ran zane. A rubuta a gaban shaidu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, cewa ƙasa taki ce, gini nasa ne ko na haɗin gwiwa, da yadda za a raba kuɗin haya. Wannan kariya ce gare ku duka da 'ya'yanku ranar rabon gado. Takardun filin kuma ki tabbatar da sunanki suke, ki ajiye su inda ke kaɗai ke iya ɗaukowa.

In ranki ya ba ki ki taimaka masa ya faɗaɗa kasuwancinsa na can, babu laifi, amma da abin da in ya salwanta ba za ki tagayyara ba. Wani ɓangare na gwal ɗin, ba duka ba. Ki ba shi ko dai rance a rubuce, kamar yadda aya ta 282 ta suratul Baƙara ta umarta, ko kuma jari irin na ƙiradi, ke da kuɗi shi da aiki, ku raba riba yadda kuka amince, kina sane cewa in an yi asara ba da sakacinsa ba a kan kuɗinki za ta faɗa. Sharaɗin kawai, kuɗin su shiga abin da ke hawa mota: farantan sola da batura, firiza, tankin ruwa, janareto, ƙarin haja. In ɗakunan haya yake so, ya yi na kwano da katako masu kwancewa, kuma ya yi lissafi da gaske, wata nawa za su ɗauka kafin su mai da kuɗinsu. Abin da ba zai mai da kuɗinsa cikin shekara guda ba, a irin wannan wuri ni ba zan ba da shawarar a yi shi ba.

Ki kuma roƙe shi ya riƙa lura da wasu alamu, shi da ke zaune a bakin kasuwa ya fi kowa damar ganinsu. In mahaƙa suka fara cin bashin shayi da ruwa suna daɗewa ba su biya ba, in rami na ƙara zurfi abin da ake samu na raguwa, in motoci na fita cike suna dawowa rabi, in masu sayen zinariya suka fara naɗe ma'auninsu, in hira ta koma ta wani sabon wuri da aka gano, to kada ya jira ya ga ƙarshe. Ya rage ba da bashi, ya rage haja, ya turo kuɗi gida. Ko babu alama ma, kada ya riƙa tara kuɗi a jikinsa a can, hanyoyin hamada ba su rasa 'yan fashi. Ku sa wa kanku ƙa'ida cewa kowane wata wani kaso na riba zai zo gida ya shiga ginin, ku kuma yanke adadin da in an kai shi zai tattaro ya dawo.

Kewar kuma a yi mata magani da kanta. Ku tsara zuwansa gida a kan lokaci sananne, ya bar amintaccen yaro a rumfa, maimakon sai sallah zuwa sallah. Ku sa lokacin waya da yara za su riƙa yi masa karatun allo da na boko yana ji. In hanya ta yi kyau kuma akwai mai riƙe miki manyan yaran, ku haɗu a wani babban gari da ke tsakaninku ku yi 'yan kwanaki, ba sai kin taka wurin haƙar ba.

Yana iya ƙin duk wannan a kiran farko, kada hankalinki ya tashi, kuma kada ki sayar da komai don a shirya. Ki ci gaba da gaishe shi kamar yadda kika saba, ki ba shi kwanaki. In ya kafe, ki nemi dattijo ɗaya daga danginsa wanda yake jin nauyinsa, zai fi kyau wanda ya taɓa kasuwanci, ki zayyana masa maganar yara da ta takardun fili da tayin gini a gida, shi ya kira shi. In kuwa abin ya kai ga ya daina turo kuɗin abinci ko ya ambaci saki don ya tilasta miki, to magana ta wuce ta fili ta koma ta haƙƙin aure, nan waliyyinki da nasa za su zauna, kuma kada ki ji kunyar kai musu. Daga yadda kika siffanta shi ban zaci za a kai nan ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsare shi a inda yake. In kun yi maganar, ki rubuto min abin da ya ce game da gina shagunan a filinki, sai mu duba yadda za a tsara takardar.